Sabo Dal a Leda: Tarihin Gem ɗin da Ake Saya Don Kada a Buga

Mai karatu, idan ka taɓa zama a gidan gem na unguwa kana jiran layi ya zo kanka, ko ka taɓa zare kaset ka hura masa iska don ya kama, to ga wani labari da zai ɗaure maka kai. Ranar 11 ga Yuli, 2021, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da kaset guda ɗaya tak na Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. A canjin gwamnati na lokacin, kuɗin sun haura naira miliyan 600.

Kada ka ɗauka gem ɗin yana da wuyar samu. Kamfanin Nintendo ya sayar da kusan kwafi miliyan 12 tun fitowarsa a 1996, kuma har gobe ana samun na hannu a kan 'yan gomman daloli. Abu ɗaya ne ya bambanta wancan kaset da sauran: ba a taɓa ɓare ledarsa ba. Wanda ya saya kuma ba zai ɓare ba, domin ranar da ya yi haka kusan dukkan kuɗinsa sun bi iska.

Yaya aka yi abin da aka ƙera don a buga ya zama abin da darajarsa ke cikin rashin bugawa? Kuma tsakanin mai ajiyewa a leda da mai bugawa har kaset ya tsufa, wa ya fi yi wa tarihi hidima? Bari mu bi labarin daga farko.

Zamanin da ake binne gem a juji

A farkon shekarun 1980 babu wanda ke kallon kaset ɗin gem a matsayin dukiya. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe, saboda kamfanoni sun cika shaguna da wasanni marasa inganci har mutane suka gaji. Kamfanin Atari, wanda shi ne jagaba a lokacin, ya rasa yadda zai yi da kayan da suka ƙi sayuwa. A watan Satumban shekarar sai ya loda su a manyan motoci ya kai su wani juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico aka binne. Kaset kimanin 700,000 ne, cikinsu har da E.T., gem ɗin da aka haɗa cikin gaggawa a makonni biyar da 'yan kwanaki. Ka lura, da yawansu sababbi ne a kwalinsu. Sabo dal a wancan lokacin yana nufin kwantai kawai.

Nintendo ne ya farfaɗo da kasuwar. Ya fitar da na'urarsa ta Famicom a Japan a 1983, sannan ya gwada ta a birnin New York a Oktoban 1985 da sunan NES. Irin wannan na'ura ce masana'antu a Taiwan da Sin suka riƙa kwaikwaya, har kwafinta mai kaset ɗauke da wasanni barkatai ya iso kasuwanninmu. Idan ka buga Mario a talabijin ɗin gidanku kana yaro, akwai yiwuwar ta wannan hanyar ka san shi.

Yanzu ka yi tunanin yaron da aka saya wa gem a 1986. Me zai yi da kwalin? Zai yage leda tun kafin a iso gida, kwalin kuma na takarda ne, cikin mako guda ya tafi kwandon shara. Ga kuma wani dalili: an sayar da Super Mario Bros. sama da kwafi miliyan 40, amma mafi yawansu a haɗe suke da na'urar, ba su zo cikin nasu kwalin mai leda ba. Don haka waɗanda suka tsira ba a buɗe ba, mantuwa ce ta tsirar da su: ragowar kaya a sito, ko kyautar da aka manta ba a bayar ba. Wanda aka sayar dala 660,000 a Afrilun 2021 an saye shi ne a 1986 don kyautar Kirsimeti, aka jefa shi cikin durowar tebur, aka manta da shi kusan shekara 35.

Ka riƙe wannan batu, don za mu dawo kansa. Kaset mai leda ya yi tsada ne saboda miliyoyin yara sun yage nasu.

Daga sulalla zuwa kaset

Masu tara gem na farko, a shekarun 1990 da farkon 2000, mabuga ne da suka girma. Burinsu su mallaki kowane kaset da aka taɓa fitarwa a na'urar yarintarsu. Abin da ke tsada a wurinsu shi ne abin da ya yi ƙaranci da gaske. Misali Stadium Events, wanda kamfanin Bandai ya fitar a 1987, aka janye shi daga kasuwa ba da daɗewa ba, Nintendo ya sake fitar da shi da wani suna. A 2010 tayin da aka yi wa mai leda a eBay ya kai dala 41,300, kowa ya riƙe baki. Akwai kuma kaset masu ruwan zinare guda 26 da aka raba albarkacin gasar Nintendo ta 1990.

Abin da ya sauya kasuwar wata dabara ce da aka aro daga masu tara tsofaffin sulalla. Matsalarsu tsohuwa ce: mai sayarwa ya ce sulensa lafiyayye ne, mai saye ya ce ya goge, wa zai raba gardama? A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70. A 1986 kamfanin PCGS ya fara duba sulalla, ya ba su maki, ya rufe su cikin roba mai tauri da ba ta buɗuwa sai an fasa. Dabarar ta wuce zuwa katunan 'yan wasa da kamfanin PSA a 1991, sannan mujallun labarai masu zane da kamfanin CGC a 2000. A 2008 ta iso kan gem ta hannun VGA, sai kuma Wata Games a 2018.

Ga yadda Wata ya riƙa yi: a ba kwalin maki har zuwa 10, a ba ledar harafi, mafi girma shi ne A++. Wancan Super Mario 64 ya samu 9.8 da A++. Tantancewar tana da amfani na gaske, domin 'yan damfara sun iya sake naɗe tsohon kwali da sabuwar leda, sai ƙwararre ne zai gane daga yadda aka haɗe bakin ledar da irin ramukan da ke jikinta. To amma ka dubi abin da ake aunawa. Kusurwar kwali, hasken fenti, ƙarcewar leda. Babu wanda ya kunna gem ɗin. Da zarar an ba abu lamba, wanda bai san komai game da shi ba zai iya saye da sayarwa, kamar yadda ake cinikin hannun jari.

Shekaru uku na hauhawa

A Fabrairun 2019 aka sayar da wani Super Mario Bros. na bugun farko-farko, irin wanda aka liƙe da sitika maimakon leda, a kan dala 100,150. Shi ne karon farko da aka ji gem ɗaya ya haura dala 100,000 a irin wannan ciniki, jaridu suka ɗauka. Daga nan farashi ya riƙa tsalle. Yulin 2020, dala 114,000. Nuwamban 2020, Super Mario Bros. 3 a kan dala 156,000. Afrilun 2021, na cikin durowa a kan 660,000. Ranar 9 ga Yuli, 2021, The Legend of Zelda a kan 870,000. Bayan kwana biyu kacal, Super Mario 64 ya haura miliyan ɗaya da rabi. A watan Agusta kuma wani Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2, ta hannun kamfanin Rally wanda ya saye shi dala 140,000 ya kuma raba mallakarsa gida-gida ga masu zuba jari.

Me ya kawo haka? Yaran 1980 sun zama manya masu kuɗi. Annobar korona ta zaunar da mutane a gida, kuɗin ruwa ya yi ƙasa a bankunan Amurka, jama'a suna neman inda za su zuba kuɗi, katunan Pokémon da na 'yan wasa ma duk sun yi tashin gwauron zabo a daidai lokacin.

Sai dai tsofaffin masu tara gem ba su gamsu da wannan bayani ba. A Agustan 2021 wani ɗan Ostareliya mai tashar YouTube, Karl Jobst, ya fitar da dogon bidiyo yana zargin cewa kusancin da ke tsakanin masu ba da maki da masu gwanjo ne ya hura farashin. Ya nuna cewa cikin mutanen da suka haɗa kuɗi suka sayi kaset ɗin 2019 akwai Jim Halperin, ɗaya daga cikin shugabannin Heritage Auctions. Kamfanonin biyu sun musanta cewa sun yi wani maguɗi. A 2022 wasu abokan ciniki suka shigar da Wata ƙara a kotu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, a lokacin hauhawar ba a bayyana adadin kwafin kowane gem da aka ba maki ba, don haka mai saye bai san ko abin da ya biya miliyan a kai guda ɗaya ne a duniya ko guda ɗari ba. Bayan 2021 farashin irin waɗannan kaya ya faɗi sosai, waɗanda suka shiga a ƙarshe suka kwana ciki.

Masu tara mujallun zane sun riga sun ga wannan fim. A ƙarshen 1992 aka fitar da mujallar da Superman ya mutu a ciki, a rufe cikin baƙar leda. Mutane suka yi layi suna sayen bibbiyu, ɗaya don karatu, ɗaya don ajiya. Miliyoyi aka buga, miliyoyi aka ajiye, yau kuma ana samunta da arha. Kasuwar ta rushe, har kamfanin Marvel ya bayyana karyewa a 1996. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, amma idan kowa ya yi ajiyar abu ɗaya, ranar ba ta zuwa.

Me ke faruwa a cikin kwalin?

Yanzu mu shiga ɓangaren kimiyya. Mutane na ɗauka abin da ke cikin leda lokaci ya tsaya masa. Sinadarai ba su san da wannan yarjejeniya ba.

Labari mai daɗi tukuna. A tsofaffin kaset, ana gina bayanan gem ɗin ne a jikin ƙwayar lantarkin tun a masana'anta, wato suna cikin tsarin wayoyinta, ba su buƙatar wuta don su zauna. Irin wannan ƙwaya tana daɗewa ƙwarai. Abin da ke fara lalacewa shi ne haƙoran ƙarfen da ke shiga na'ura, saboda datti da laima. Hura iskar da muke yi ma laimar baki take ƙara musu. Zarewa da sake sakawa ne ke sa kaset ya kama. A nan kam mai leda ya fi mai bugawa.

Amma ka ɗauki The Legend of Zelda na 1987. Yana cikin kaset na farko-farko da ke ajiye inda ka tsaya, kuma yana yin haka ne da wata ƙwayar ajiya da ke buƙatar 'yar wuta dare da rana. Wutar tana fitowa daga ƙaramin batir mai kama da sule da aka liƙe a ciki. Batirin ya fara aiki tun ranar da aka haɗa kaset ɗin, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Mai bugawa idan nasa ya mutu zai kwance ya sa sabo. Mai na dala 870,000 ba shi da hanyar sanin ko nasa yana da rai. A Pokémon Gold da Silver abin ya fi muni, don akwai agogo a cikin kaset ɗin da ke cin batir, shi ya sa mafi yawansu sun mutu tuni.

Faifan CD kuwa roba ce mai haske da aka shafa wa siririn ƙarfe, galibi alminiyam, aka rufe da wani siririn fenti. Idan iska ko laima ta samu kafa ta isa ga ƙarfen, sai ya fara cinyewa, bayanai su ɓace. Faifan da aka yi masa aiki mara kyau a masana'anta zai iya ruɓewa a cikin ledarsa. Su kansu na'urorin, akwai ƙananan ma'ajiyan caji a cikinsu masu ɗauke da ruwan sinadari, idan suka tsufa sai su tsiyaya su ci allon lantarki; Xbox na farko da Game Gear na Sega sun yi suna a wannan. Batirin PSP kuma kumbura yake yi. Ita ledar ma tana ci gaba da tsukewa da zafi har ta lanƙwasa kwali, hasken rana kuma yana kashe fenti.

Ka ga kenan, leda tana kare kwali daga hannun mutane, amma tana kuma hana a duba lafiyar abin da ke ciki.

Abin da mabuga suka tono

Littafi ko ba a karanta shi ba, kalmominsa suna nan. Gem kuwa umarni ne da ke jiran na'ura da ɗan adam. Sai an buga ake sanin abin da ke cikinsa, wani lokaci har abin da masu ƙirarsa ba su sani ba.

Dubi Tetris na NES, wanda ya fito a 1989. Shekara da shekaru an ɗauka mataki na 29 ne ƙarshe, don tubalan suna faɗowa da saurin da ya fi ƙarfin yatsa. Sai mabuga suka koyi girgiza yatsa da sauri a kan maɓalli. Daga baya, wajen 2020, suka gano wata dabara: a ɗora yatsa a kan maɓallin, a riƙa kaɗa yatsun ɗaya hannun a bayan hannun gem ɗin kamar mai kiɗan kalangu. Da wannan suka wuce mataki na 100, suka isa inda launuka ke rikicewa. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 daga jihar Oklahoma, Willis Gibson, ya kai mataki na 157, lissafi ya yi wa na'urar yawa, gem ɗin ya daskare. Shekara 34 bayan fitowarsa aka ga ɗan adam ya kai shi bango. Babu kaset mai leda da ya taimaka da ko taku ɗaya a wannan tafiya.

Haka batun adanawa yake. A 1997 wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin gem. Kafin a iya haka, dole wani ya buɗe na'ura ko kaset, ya kwafo abin da ke cikin ƙwayar. Dubban wasanni da kamfanoninsu suka mutu suna raye yau saboda irin wannan aiki na 'yan sa kai. Aikin yana yawan karo da dokar haƙƙin mallaka, kuma kamfanoni na da hujjarsu idan suka ce kwafi yana cutar da cinikinsu. Amma a Yulin 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su kuma. Kashi 13 ne kawai za ka iya saya sabo ta halastacciyar hanya. A Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa ta intanet.

Kada mu zalunci mai leda dai. Masanin tarihi yana buƙatar ya ga yadda kaya suka isa shago: wace takarda aka saka a ciki, wane farashi aka liƙa, wane bugu ne ya riga wane. Masu tarawa ne suka bi diddigin bambancin sitika da leda da tambarin kwali, har aka iya jera bugun Super Mario Bros. bisa tsarin fitowarsu. Wannan ilimi ne na gaske. Gidajen tarihi irin su The Strong da ke Rochester a jihar New York suna yin duka biyun: suna adana kwali, suna kuma kunna na'urori don baƙi su buga. Amma kwafi kaɗan sun isa wannan aiki, ba sai dubbai ba.

Kwalin da babu kowa a ciki

Akwai abin da ya sa wannan muhawara ta fi zafi a yau. Kaset ɗin 1985 cikakke ne. Idan ka buɗe shi bayan shekara 40 ka samu na'ura, zai yi aiki kamar ranar farko. Gem ɗin zamani sau da yawa abin da ke faifan somin-taɓi ne, sauran sai an sauko da shi daga intanet. The Crew, wasan tseren motoci da Ubisoft ya fitar a 2014, ba ya aiki sai ya haɗu da kwamfutocin kamfanin. A ƙarshen Maris na 2024 aka kashe su. Duk wanda ke da faifan, a buɗe ko a leda, roba kawai ya rage masa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. A shekarar ce kuma Nintendo Switch 2 ya fito, kuma wasu katunansa ba su ɗauke da gem ɗin kwata-kwata, mabuɗi ne kawai na saukowa da shi.

Wanda ya ajiye irin wannan a leda don jikokinsa, me ya ajiye musu?

To, a buɗe ko a bari?

Idan ka ci karo da tsohon gem na shekarun 1980 ko 1990 da ledarsa ta asali, kada ka yi gaggawar ɓarewa. Irinsa kaɗan ne, kuma na hannu da za ka buga yana nan da arha. Ka nisanta shi da rana, zafi da laima, ka bincika darajarsa a natse. Idan kuwa sabon gem ne ka saya jiya kana tunanin ajiye shi zai sa ka kuɗance nan da shekara 30, ka tuna da Superman cikin baƙar leda. Dubban mutane suna wannan lissafin tare da kai.

Ka tuna kuma da jujin Alamogordo. A Afrilun 2014 aka je aka tona, aka fito da kaset kimanin 1,300, sun lanƙwashe, ƙasa ta ci kwalayensu. Da an kai su wurin masu ba da maki, ba za su samu komai ba. Duk da haka mutane suka yi rububin saye, wani E.T. guda ya haura dala 1,500, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihin Smithsonian. Abin da aka saya a wurin labari ne. Shi ma wanda ya biya dala miliyan 1.56, tunanin miliyoyin yaran da suka kwana suna neman taurari a fadar gimbiya Peach ne ya ba kwalinsa daraja. Da ba su yage tasu ledar ba, da nasa kwalin bai fi kuɗin takardar da aka yi shi da ita ba.